Daɓen filin ƙwallon kwando

Bayan babban farin nan na shekarun saba'in da shekara biyu ko uku na tuɓe kakin soja na komo Gure. Ban zo da abin kirki ba sai akwatin ƙarfe da gwiwa mai ciwo, da kuma abu guda da na iya wanda ba a san shi sosai ba a garinmu, wato ƙwallon kwando. A barikin Yamai na koya. Tsayina aka duba aka sa ni cikin wasan, ni kuwa na riƙe shi da gaske, kamar yadda nake riƙe duk abin da aka ɗora mini, da tsoron kada in ɓata.

Na sauka gidan innata, ƙanwar mahaifiyata. Mijinta ya rasu tun ina bariki, ta ci gaba da riƙe gidan da sana'ar fura. Mace ce da ba a gane faɗanta da wasanta sai an zauna da ita.

Ban yi wata guda ba daraktan kwaleji ya aiko a kira ni. Duk hanya ina lissafin abin da na yi wa wani, ban samu ba. Ashe labarin ƙwallon ya ji. Ya ce ba a turo masa malamin wasanni ba, shi kuwa yana son a bana Gure ta shiga wasannin kwalejojin jihar Damagaram, ko sau ɗaya a ji sunanmu. Na ce masa sartifikar firamare kawai gare ni, yaran da ke hannunsa sun fi ni faransanci nesa. Ya ce ba faransanci ya kira ni in koyar ba. Na roƙi ya ba ni lokaci in yi tunani, ya miƙo mini usur ya ce in yi tunanin da shi a wuya.

Daga ranar yara suka fara kirana Mushe, yadda ake kiran malami da faransanci. Da farko in sun faɗa sai in waiga, in ga wane malami ne a bayana.

Filin yana bayan azuzuwa. Wani bature da ya taɓa koyarwa a nan shi ya kafa itace biyu, ya buga musu alluna da zoben ƙarfe, ya bar ƙwallo biyu ya tafi. Abin da bai bari ba shi ne ƙasa mai tauri. Wanda ya san Gure ya san rairayinta, ƙafa tana nutsewa har idon sawu. In ka saki ƙwallo a filin nan, inda ta faɗi nan za ta zauna kamar kaza a kan ƙwai.

Yawancin yaran ƴaƴan makiyaya ne daga Bune da Gamu da ƙauyukan da ke tsakani, suna zaune gidajen masu masauki a cikin gari. Tun tafiyar baturen suke wasan su kaɗai, har suka mai da shi nasu. Ƙwallo ba ta taɓa ƙasa. Daga hannu sai hannu, da sauri, wannan ya kira da Barbarci wancan ya amsa da Hausa, kafin ka ƙifta ido ta ƙetare fili. Hannuwansu sun saba da jan guga da jifar awaki da hoge, saboda haka ba su cika kuskuren zobe ba. Babbansu wani dogo ne ɗan Bune, marar yawan magana, wanda sauran suke duban fuskarsa kafin su yi kome. Shi na bar wa shugabancinsu, don dama shi ke riƙe da shi.

Na tsaya ina kallonsu ranar farko, daɗi ya cika ni. Sai kuma na hango matsala. A dokar wasan ba a tafiya da ƙwallo a hannu, sai kana buga ta da ƙasa tana dawo maka, abin da muke ce wa dirbil a bariki. Yaran nan kuwa ba wanda ya taɓa ganin ƙwallo ta bugi ƙasa ta dawo. In wuri ya ƙure wa ɗayansu sai ya rungume ta ya ruga, kamar wanda ya ɗauko ɗan akuya. A kan siminti na Damagaram, alƙalin wasa ba zai cire usur daga bakinsa ba.

Na kai wa darakta wannan damuwa, shi kuma ya ƙara mini wata. Ya ce akwai mutumin da zai zo daga biron wasanni, wato ofishinsu na Damagaram, kafin a fara, ya duba fili da yara. In ƙwallo ba ta tashi a filinmu, ko yara ba su iya tafiya da ita, ba za a sa Gure ba. Na tambayi siminti. Ya nuna mini tsagar da ke bangon ofishinsa, ya ce in na samu in ɗiba masa.

Na gwada barandar azuzuwa. Ta yi ƙunci, kuma ba a daɗe ba ƙwallo ta shige ta taga ta sauka a teburin malamin lissafi yana tsakiyar darasi. Na ba shi haƙuri a aji, na sake bin shi gida na ba shi. Daga nan na kai yaran kwata, inda akwai ɗan dandamalin siminti da ake yanka a kai. Mahauta suka jeru suna dariya, ungulaye suna kallonmu daga kan katanga. Ƙwallon ta ɗauko ƙarni, ni kuma na shiga tunanin najasa da tufafin da yara za su yi salla da su. Na wanke ta da sabulu na sake wankewa, ban ƙara komawa ba.

Abinci ya daina shiga mini. Wata rana da tsakar rana ina zaune bakin gadon inna a ɗakinta, ta ajiye mini fura ban taɓa ba, ƙwallo tana hannuna ina jujjuya ta. Ban san lokacin da na fara buga ta da ƙasa ba. Sai da inna ta leƙo daga tsakar gida.

"Kai soja, fasa mini ɗaki za ka yi?"

A nan na lura ƙwallon tana dawowa hannuna. Na sake bugawa, ta dawo. Na durƙusa na shafa ƙasan ɗakin, baƙi, sumul, mai tauri kamar bayan ƙwarya. Daɓe ne, irin wanda na tashi a kansa tun ina rarrafe, ban taɓa duban shi ba. Na tambaye ta wa ya yi mata. Ta ce wa zai yi mata, ita da matan unguwa ne, kuma ita ce ke kiran gayya in za a yi wa wata.

Na yi mata bayani, ina yi ina haɗa kalmomi. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce daɓe dai na ɗakin amarya ne ko na wanda ya yi sabon gini, to wace ce amaryar. Na ce babu amarya, ƙwallo ce. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Amma da rana ta yi sanyi ta yafa zanenta ta ce in kai ta ta gani.

Ta zagaya filin a hankali, tana tona rairayi da yatsan ƙafa. Ta tsaya ƙarƙashin zobe ta ɗaga kai ta dube shi.

"Wannan ai kasuwa ce ka ce a daɓe maka," in ji ta.

Na ce in ba zai yiwu ba ta yafe mini wahalar da na ba ta. Ta ce wa ya ce ba zai yiwu ba. Ta gindaya mini sharuɗɗa. Mu za mu kwashe rairayi har mu tarar da ƙasa mai ƙarfi. Mu za mu kawo laka da tsakuwa da ruwa, da bagaruwa mai yawa da za a jiƙa, tunda makuba, ɓawon ɗorawar da aka saba daɓe da shi, ba ta wadata a ƙasarmu. Mu za mu ciyar da ƴan gayya. Na ƙarshe kuma, ranar daɓe kada ta ji bakina.

Abin da ya fara damuna shi ne kada a ce na mai da ƴaƴan mutane leburori. Na bi gidajen masu masaukinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman izini. Wasu ba su ma gane abin da nake roƙo ba, suka ce yaro ai aiki yake yi, in na ga dama in ƙara masa. Yaran kuwa murna suka yi. Da an tashi daga aji sai su tuɓe riguna su kama shebur da kwanduna. Laka muka riƙa ɗaukowa daga kwari, can gefen lambuna, tsakuwa kuma daga gindin dutse. Ranar kasuwa iyayensu suka shigo gari, labari ya kai musu, sai ga jakuna an bar mana aro. Mahaifin dogon nan ya kawo takarkarinsa da kansa. Ya tambaye ni mene ne amfanin wasan, na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya ce to wanda ya fi jefawa a zoben me ake ba shi. Na ce suna. Ya jinjina kai, ya ce da Barbarci wani abu da ya sa ɗansa ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ban tambayi ma'anarsa ba. Kasuwa ta gaba sai ga bunsuru ya aiko, wai na matan daɓe.

Ban bar horo ba a wannan tsakanin. Da safe kafin a shiga aji ina sa su gudu a tudun rairayi, da yamma in an gaji da ɗaukar laka mu yi jifa a zobe. Ina nuna musu dirbil da hannu wofi, ina buga iska, su ma suna buga iska a bayana. Masu wucewa da dabbobi sukan tsaya su kalle mu, su wuce.

Ranar Alhamis aka sa, da yake ranar ba a zuwa lakwal, wato makaranta. Tun hantsi mata suka fara ɓullowa ta kowace hanya, kowace da madaɓinta, guntun itace mai faɗin ciki da ake dukan ƙasa da shi. Akwai tsofaffi, akwai masu goyo, akwai waɗanda ban taɓa gani ba daga wasu unguwanni, sun ji ana daɓen da ba a taɓa yin irinsa ba sun zo kada a ba su labari. Aka baza laka da tsakuwa, aka yayyafa ruwa, suka jeru kafaɗa da kafaɗa daga wannan gefe zuwa wancan. Inna ta ɗaga murya ta ba da waƙa, madaɓai suka sauka tare. Na ji dukan a tafin ƙafata.

Ni kuwa na zo da shirina. Ina da igiya, da kwalba da na cika da ruwa na bar ɗan kumfa a ciki, irin yadda na ga magina suna yi a bariki don a gane ko ƙasa ta daidaita. Na lallaɓa ta gefe na kwantar da kwalbar a inda suka gama. Kumfan ya gudu gefe guda. Na matsa gaba na sake kwantarwa. Ban ce kome ba, na riƙe alkawari, amma ina jin fuskata ta faɗa. Inna ta taso ta ɗauke kwalbar, ta cire murfin, ta zuba ruwan a ƙasa, ta miƙo mini ita wofi. Ta nuna mini wata aduwa can nesa inda yara suke zaune, ta ce wurin maza ke nan.

Daga nan waƙar ta juyo kaina. Wai soja ya je Yamai ya dawo ba mata, ya auro wata mai kumburin ciki, ba ta cin tuwo ba ta neman zane, iska kawai ake hura mata. Wai an yi mata ɗakin da ya fi na kowace amarya a Gure, ba rufi ba ƙofa. Yara suna kwance a ƙasa don dariya, suna ƙoƙarin ɓoyewa saboda ni Mushe ne. Da na ga ba mafita na yi dariyar ni ma. Aka yanka bunsuru, aka dama fura a manyan ƙore, darakta ya kawo goro. Matan malamai da suka zo kallo, kafin azahar sun ɗaura ɗamara sun karɓi madaɓai.

Ba rana ɗaya aka gama ba. Sun dawo sun sake dakawa, suna yayyafa ruwan bagaruwa, ƙasar tana ƙara duhu tana ƙara ƙyalli. Da suka gama inna ta ce ba mai takawa sai ta ce. Yara suka sare ƙaya suka kewaye filin kamar yadda suke yi wa garken iyayensu, saboda awaki. Kullum sai na je na tsuguna bakin shingen ina neman tsaga. In na ga ƴar ƙarama sai in ruga gida, inna ta ce ta ji.

Ranar da ta ba da izini, yara suka shiga ba takalmi, suna taka ƙasa a hankali kamar masu shiga ɗakin surukai. Na miƙa wa dogon ƙwallo na ce ya buga. Ya buga ta da irin ƙarfin da ya saba yi a rairayi. Ta tashi ta doke shi a haɓa ta wuce bisa kansa. Ya tsaya riƙe da haɓa yana kallon ta tana tsalle ita kaɗai, tana tafiya, har ta kai shinge. Sai wani ƙarami ɗan Gamu ya ce da Hausa, ashe tana da rai. Filin ya kaure. Kowa yana son ya taɓa, ƙwallo biyu ga yara fiye da goma, tana kuɓuce musu tana dukan gwiwa da hanci, suna bin ta a guje suna faɗuwa. Na hura usur na gaji, na bar su. Ƙarar bugun tana kaiwa har bakin kasuwa, kafin magariba ƙananan yara sun kewaye shingen.

A ranar ne kuma na ga abin da kwalbata ta so gaya mini. Da aka ajiye ƙwallo a tsakiyar fili za a tafi salla, sai ta fara mirginawa a hankali, ba mai taɓa ta, har ta je kusurwar gabas ta tsaya. Na mai da ita, ta sake tafiya. Na je wa inna da maganar, ina zaton kuskure ne. Ta ce da gangan suka yi. Wace mahaukaciya ce za ta yi daɓe a sarari ba ta bar wa ruwa hanya ba, in damina ta zo ina so ya kwanta a kai ya jiƙa musu wahalarsu? Gaskiyarta ce, amma a dokar wasa fili ba ya gangara. Na gaya wa darakta. Ya ce wanda bai ajiye ƙwallo ya zuba mata ido ba ba zai gani ba. Ni dai na san in mutumin Damagaram ya zo bakina ba zai iya rufuwa ba.

Muka shiga koyon dirbil gadan-gadan. Dama, hagu, a tsaye, a guje, ido a gaba ba a ƙasa ba. Hannun hagu ya ba su wahala, don an hana su amfani da shi tun suna yara, wasu har kunya suke ji. Rungumar ƙwallo kuma ta ƙi fita daga jikinsu. In wasa ya yi zafi sai ka ga yaro ya manta, ya cusa ta a hammata ya zura. Ina hura usur, su da kansu su yi masa ihu da Barbarci.

Ana cikin haka wata safiya na zo na tarar da rabin filin ja wur. Barkono ne aka shanya. Gefe guda yankakkiyar kuɓewa, can kuma zoɓo. Kaka ce, lambunan kwari sun yi kyau a shekarar, kuma duk Gure babu wuri mai faɗi, mai tsabta, marar rairayi, da shingen da ke hana awaki, sai filinmu. Wata tsohuwa da na gane ta cikin ƴan daɓe tana zaune a inuwar allo tana korar tsuntsaye. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi amarya.

Na amsa gaisuwarta na juya. Da wane baki zan kori wadda hannunta ya yi kanta a kan ƙasar nan? Darakta ya ce ni na kira gayya, ni zan san yadda zan yi. Na koma wurin inna, muka yi ta ja, a ƙarshe aka tsaya a kan cewa daga safe zuwa kiran la'asar fili na mata ne, daga nan namu ne. Yara su share kafin a fara. Shara ba ta hana yaji tashi, saboda haka atishawa ta zama cikin horonmu. Na riƙa zuwa da bokitin ruwa da sabulu, ina bin su ina cewa kada wanda ya taɓa ido. Wani lokaci mai shanya takan makara, kayanta suna nan a gefe, kuma ba yaron da zai taɓa shanyar uwar wani. Sai su riƙa kewaye ta da ƙwallo, suna rage tsawo, suna sauya hannu. Na daina jin haushin masu makara.

Mutumin Damagaram bai aiko da labarin zuwansa ba. Wata rana kafin azahar sai ga mota a ƙofar kwaleji, ya fito, gajere mai tabarau, ya ce yau zai koma. Darakta ya aiko a kira ni, muka zagaya bayan azuzuwa mu uku. Ranar kuwa shanya ta fi ta kullum. Daga zobe zuwa zobe ba inda za ka sa ƙafa sai ƴan siraran hanyoyi da matan suka bari. Mutumin ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambayi darakta da faransanci ko filin ke nan ko kuwa kasuwar ce. Wannan kam na gane.

Na aika a kira inna. Kafin ta iso na fara yi masa bayani da Hausa, tun daga rairayi har kwata har gayya. Ban tsaya nan ba, na gaya masa filin yana gangarawa gabas, tun bai tambaya ba. Na ji darakta ya ja numfashi a bayana.

Mutumin ya karɓi ƙwallo daga hannuna ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin har tsakiya. Ya buga ta, ta dawo. Ya ƙara bugawa da ƙarfi, ta dawo har ƙirjinsa. Sa'an nan ya ajiye ta ya janye hannu. Muka tsaya muna kallo tana mirginawa a hankali ta cikin kuɓewar mutane.

Inna ta iso tana gyara mayafi. Ta yi masa sannu da zuwa, ta tambayi hanya da mutanen gida, bai samu wurin sa magana ba sai da ta gama. Ya ce mata yana son a kwashe kayan nan ya ga yara suna wasa, don yana sauri.

"Ɗan nan, barkonon da bai gama shan rana ba in aka tara shi baƙi yake yi. Na mutane ne, ba nawa ba. Ka yi haƙuri zuwa la'asar."

Ya dubi agogonsa, ya dubi darakta. Darakta ya dubi ni. Ni na dubi ƙasa, ina jin duk wahalar yaran nan ta tafi a kan barkono. Inna ta ce kafin nan akwai fura mai sanyi, da nonon da aka kawo da safe daga ruga, ba irin na birni ba. Direbansa ne ya fara amsawa, ya ce shi dai injin motarsa yana bukatar ya huce.

Suka zauna a inuwar baranda. Ni ban zauna ba. Na tara yara bayan aji ina ta nanata musu, kada a runguma, kada a taɓa ido, kada a yi gardama. Dogon ya bari na gama, sa'an nan ya ce, "Mushe, ka sha ruwa." Na sha.

Da aka kira la'asar muka yi salla, mata suka zo suka kwashe kayansu, yara suka share. Amma matan ba su tafi ba. Suka tsaya bakin shinge da ƙore da buhuna a ka. Mutumin ya miƙo hannu ya karɓi usur ɗina ya ce shi zai yi alƙalanci. Na raba yara biyar da biyar, na koma gefe na riƙe itacen allo.

Da farko usur ya yi ta kuka. Tsoro ya sa sun koma halinsu na rairayi, wannan ya runguma, wancan ya yi taku ba bugu. Can sai ƙwallo ta fara gudu daga hannu zuwa hannu irin yadda suka iya tun kafin in zo, kira yana tashi da harshe biyu, suka manta da baƙo. Usur ya yi shiru. Na ga mutumin yana juya kai yana neman inda ƙwallon take. Sai dogon ya tsinke ta a ƙarƙashin zobensu, ya duba bai ga wanda zai ba ba. Na rufe ido ɗaya. Ya sa ta a ƙasa. Ya taho da ita yana bugawa, wani ya tare shi ya mai da ita hagu, ya wuce, ya haura gangaren nan har zobe ya ɗora ta a hankali ta faɗa. Guɗa ta tashi daga bakin shinge, wata har ƙwaryarta ta zame, zoɓo ya watse. Alƙalin ya buɗe baki zai yi magana, atishawa ta kama shi, ya yi ta yi har ya cire tabarau.

Da aka tashi ya wanke fuska a bokitina. Ya ce yaran suna da sauran aiki a hannun hagu, kuma in rage yi musu ihu. Na ce to. Na jira bai ce kome a kan gangaren ba, sai na tuna masa. Ya dube ni kamar yana son ya gane ko lafiyata ƙalau. Ya ce ai ana sauya gefe a tsakiyar wasa, kowa zai hau tudun ya kuma sauko. Gure ta shiga. Za mu je Damagaram wasan farko, kuma su ma sai sun zo nan an rama, a kan wannan ƙasa.

Yara suka ɗaga dogon sama, ya yi musu tsawo suka zube tare. Darakta ya kama hannuna ya ƙi saki. Aka fassara wa matan da ba su ji ba, aka sake guɗa. Inna ta matso kusa da mutumin, yana shirin shiga mota, ta ce in ƴan Damagaram za su zo a gaya musu tun da wuri, kada su iso kafin la'asar.

Ya ce zai faɗa musu da bakinsa.

Mota ta tashi, yara suka karɓi kayan matan suka ɗora a ka za su raka su gida, suna tafe suna buga ƙwallon iska da hannun da ba kaya. Na tsaya ina duban ƙafafunsu. Ba mai takalmi ko ɗaya, simintin Damagaram kuwa da rana ya fi tukunya zafi. Na ɗauki bokitina na bi bayansu, ina tunanin wane baduku zan fara gani da safe.